Cip mai ɗibar siginar rediyo kai tsaye: me ya ɗauke maka, me ya bari a wuyanka?

Wani ɗalibin injiniyan lantarki da ke shirin aikin digirinsa na biyu ya aiko da wannan tambaya: "Ina so in haɗa na'urar karɓa mai eriya huɗu domin gano ɓangaren da sigina ke fitowa. Na ga ana maganar cip irin su AFE7950 da AD9081 da RFSoC, wai suna ɗibar sigina kai tsaye, babu miksa, babu osileta a tsakani. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me zai sa mutum ya ƙara sayen irin su AD9361?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar da ka ji gaskiya ce, sai dai ba a faɗa maka ita duka ba. Miksa ta bar kan allo, wannan haka yake. Amma wahalar da take ɗauka ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi. Ta koma kan agogon da ke bai wa cip ɗin lokaci, da filtar da ke gabansa, da hanyar da za ka kwashe lambobin da yake zubowa. Duk wanda ya ci zomo ya ci gudu. Ina son waɗannan cip ɗin ƙwarai, kuma saboda ina son su ne ba na so ka shige su ido rufe.

Mu fara da abin da aka guje wa. Tun shekarar 1918, lokacin da Edwin Armstrong ya fito da tsarin nan da ake kira sufahetarodain, sannu a hankali kusan kowace rediyo ta koma bin hanya ɗaya. Siginar da ke kaɗawa da sauri ƙwarai tana da wuyar tacewa da ƙarfafawa, don haka sai a gauraya ta a cikin miksa da wata igiya da osiletar rediyon ke samarwa, a sauko da ita zuwa wata mita ƙayyadajjiya da ke ƙasa, a yi aikin a can. Rediyon da iyayenmu ke kama BBC da ita da asuba haka take: duk tashar da aka murɗo, sai ta sauko da ita kilohaz 455, ta FM kuma megahaz 10.7. Tsarin yana da kyau, har gobe ana amfani da shi. Matsalarsa yawan kaya. Kowane layi yana buƙatar miksarsa, da filtocinsa, da amfilifayarsa, kuma kowanne cikinsu yana canza hali in ya ji zafi ko ya tsufa. In layi ɗaya ne ba komai. In 64 ne, ka shiga uku.

AD9361 da ka ambata na wata zuriya ce ta biyu. Shi yana sauko da sigina ne gaba ɗaya zuwa sifili da taki ɗaya, ya raba ta rassa biyu da ake kira I da Q, sannan ya mayar da kowane reshe lambobi da ADC (sashen da ke auna sigina ya mayar da ita lambobi) mai matsakaicin sauri. Yana aiki daga megahaz 70 zuwa gigahaz 6, yana da layin karɓa biyu da na aikawa biyu, faɗin zangon da yake iya ɗauka a lokaci guda kuma bai wuce megahaz 56 ba. Ciwon wannan zuriya sananne ne. Rassan nan biyu na analog ne, ba za su taɓa zama daidai wa daida ba, don haka kowace sigina tana barin inuwarta a ɗaya gefen, igiyar osileta kuma tana ɗigowa a tsakiyar zango. Masu ƙera su sun ƙware wajen gyara wannan da lissafi, amma gyara ne ake ta yi, ba warkewa ba.

Zuriya ta uku ita ce kake tambaya a kai. A nan ADC ne da kansa yake fuskantar siginar a mitarta ta asali, yana auna ƙarfinta sau biliyoyi a sakan ɗaya. Tunanin ba sabo ba ne. A gajeren zango an daɗe ana yin haka, domin duk zangon bai wuce megahaz 30 ba. Rediyon Icom IC-7300 ta masu sha'awar sadarwa da KiwiSDR duk haka suke aiki: KiwiSDR ma tana haɗiye zangon baki ɗaya, BBC da DW da RFI duk suna cikin lambobin a lokaci guda, manhaja ce kawai ke zaɓar wadda za ta fitar. Abin da yake sabo shi ne an kai wannan dabara gigahaz, kuma an cusa layuka da yawa cikin cip ɗaya. AD9081 na Analog Devices yana da ADC huɗu masu bit 12, kowanne yana ɗibar samfuri biliyan 4 a sakan, da DAC (mai mayar da lambobi sigina, wato akasin ADC) huɗu masu bit 16 da ke fitar da biliyan 12. AFE7950 na Texas Instruments yana da DAC huɗu masu biliyan 12 da ADC shida masu biliyan 3. RFSoC na Xilinx, wanda ya fito a 2017 kuma yanzu yake hannun AMD, a zubinsa na uku yana da ADC masu bit 14 da ke kaiwa biliyan 5, tare da FPGA (cip ɗin da kai ke tsara da'irarsa domin sarrafa bayanai) da kwakwalwar ARM duk a kan siliki ɗaya.

To ina miksar ta tafi? Tana nan cikin cip ɗin, amma ta zama ninkawa ta lissafi. Bayan ADC akwai osileta ta dijital da ake kira NCO, wadda ba komai ba ce illa jerin lambobin sain da kosain. A ninka samfuran da su, a tace, a rage yawansu. Tunda lambobi ne, I da Q suna fitowa daidai ƙwarai, babu inuwa, babu ɗigo, zafi ba ya taɓa su. Kuma kana iya ɗora irin wannan miksa biyu ko fiye a bayan ADC ɗaya, ka ciro zango biyu masu nisa da juna daga eriya ɗaya a lokaci guda. Wannan shi ne ainihin daɗin abin, kuma ba ƙarami ba ne.

Yanzu ga tambayar da na san za ta zo maka. An koya maka cewa dole saurin ɗibar samfuri ya ninka mitar sigina sau biyu. To yaya ADC mai biliyan 3 zai kama siginar gigahaz 3.5? Amsar ita ce ƙa'idar Nyquist da Shannon faɗin zango take magana a kai, ba tsayin mita ba. Ka taɓa ɗaukar bidiyon fanka da waya ka ga kamar tana juyawa a hankali, ko ma da baya? Kyamarar ba ta kai saurin fankar ba, sai juyin ya yi ɓad-da-kama ya fito a matsayin juyi mai sanyi. Haka sigina take yi. Duk wadda ta haura rabin saurin ɗiba, sai ta naɗo ta faɗo ƙasa da wata kama. In ka san daga inda ta fito, ba ka yi asarar komai ba, ADC ɗin ya yi maka aikin miksa kyauta. Na'urar hangen taurari ta MeerKAT da ke Karoo a Afirka ta Kudu, mai faranti 64, haka take yi a ɗaya daga cikin zangunanta: tana ɗiba a megahaz 1712, tana karɓar abin da ke tsakanin 856 da 1712.

Sharaɗin shi ne "in ka san daga inda ta fito", kuma a nan filta take shigowa. Bari in ba ka misali da lambobin da ake aiki da su a zahiri. A kayan sadarwar waya ana yawan sa ADC ya yi gudu a megahaz 2949.12, domin ninkin 122.88 ne sau 24. Ka ce kana son zangon 5G daga 3450 zuwa 3550. Cire 2949.12, za ka ga ya faɗo tsakanin 501 da 601 ko kusa da haka. To wa kuma yake faɗowa a wannan wuri? Na farko, duk abin da yake zaune a 501 zuwa 601 tun asali, wato tashoshin talabijin na UHF masu ƙarfin gaske. Na biyu, abin da ke tsakanin 2348 da 2448, wanda ya haɗa da rabin zangon Wi-Fi da Bluetooth. Da zarar sun wuce ADC, babu lissafin da zai raba su da siginarka, sun zama gari ɗaya a ƙwarya ɗaya. Dole a tare su tun a ƙofa. Saboda haka hoton nan da ake zanawa na eriya da waya ta shige cikin cip kai tsaye, ka ɗauke shi a matsayin talla. A aikace akwai filta, akwai amfilifaya mai ƙarancin hayaniya, akwai wata filtar, akwai balun (mai raba siginar waya ɗaya zuwa wayoyi biyu masu kishiyantar juna), sannan cip.

Amfilifayar ma ba ado ba ce. Hayaniyar da zafin duniya kawai ke haifarwa tana wajen dBm -174 a kowane haz, wato desibel 174 ƙasa da miliwat ɗaya, ita ce ƙasan rijiya. Hayaniyar ADC mai irin wannan sauri tana sama da wannan da desibel 20 zuwa 30. In ba ka ɗaga siginar ba kafin ta shiga, raunanan sigina sun nutse. In kuma ka ɗaga ta da yawa, wata ƙaƙƙarfar tasha da ke kusa za ta cika ADC ɗin ya tumbatsa, kuma in ya tumbatsa duk zangon ne ke lalacewa, ba tashar kaɗai ba. A tsohon tsari filtar tsakiya ce ke kare ka daga maƙwabci mai ƙarfi. A nan ƙofar a buɗe take ga duk abin da filtar gaba ta bari.

Agogo kuwa, a nan nake so ka zauna sosai, domin nan ne na fi ganin ana faɗuwa. ADC yana auna sigina ne a daidai lokacin da agogo ya buga. In bugun ya zo da wuri ko ya makara da ɗan ƙanƙanin lokaci, awon ya zama kuskure, kuma girman kuskuren ya danganta da saurin da siginar ke canzawa a wannan lokaci. Lissafin a sauƙaƙe yake: ka ninka mitar sigina da rawar agogon da 2π, abin da ya fito shi ne rabon hayaniya a kan sigina. Ɗauki agogo mai rawar femtosakan 100 (femtosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan sau miliyan na sakan), wanda agogo ne mai kyau. A kan siginar megahaz 100 zai ba ka tazarar desibel 84 tsakanin sigina da hayaniya. Wannan agogon dai, a kan gigahaz 3.5, desibel 53 kawai zai ba ka. Kwatanta da abin da bit 12 ke alkawari a takarda, wato desibel 74, ko bit 14 mai 86. Ka ga ke nan kana iya biyan kuɗin bit 14 ka tashi da abin da bai kai bit 9 ba, kuma laifin ba na cip ba ne. Osiletar da aka ce an kora, ita ce ta dawo da sunan agogo, kuma buƙatunta sun ƙaru. Shi ya sa a kan duk allon kirki za ka tarar da irin su LMK04828 ko HMC7044 suna rarraba agogo, an keɓe musu wutarsu mai tsabta, an nisanta su da duk abin da ke kunnawa da kashewa. Hayaniyar wutar da ke ciyar da agogo tana fitowa ƙarara a kan siginarka.

Kada lambar 53 ta firgita ka fiye da kima, akwai sauƙi ta wani gefen. Yawancin hayaniyar ADC a baje take a kan duk zangon da yake gani. Kamar mudun tsakuwa ne aka watsa a shanyar da ta cika fili, kai kuma tabarma ɗaya za ka kwasa. In ADC yana ganin megahaz 1500 kai kuma 100 kake so, bayan tacewa kashi ɗaya cikin 15 na hayaniyar ne ya rage maka, ribar kusan desibel 12 ke nan. Saboda haka in kana karanta takardar bayanan cip, kada ka tsaya kan yawan bit. Nemi yawan hayaniya a kowane haz, wanda a waɗannan cip ɗin yake kewayen dBFS -150, wato desibel 150 ƙasa da iyakar abin da ADC ke iya ɗauka, sannan ka duba tsayin ƙayoyi, wato siginonin ƙarya, da ke tsirowa a zangon da za ka yi aiki. Sai dai hayaniyar agogo da ke manne kusa da sigina ba ta bajuwa, tacewa ba ta cire ta. Ƙaƙƙarfar sigina tana shafa ta a kan raunanan da ke gefenta.

Ƙayoyin nan da na ambata, wasunsu daga yadda ake gina ADC ɗin suke. Sau da yawa ba ADC ɗaya ba ne ke wannan gudu, ƙanana ne da yawa suke karɓa-karɓa. Ka tuna mata suna lugude a turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, dakan ya yi saurin da mace ɗaya ba za ta iya ba. Amma in taɓaryar ɗaya ta fi nauyi, ko ɗaya tana ɗan makara, mai wucewa ma zai ji kiɗan yana ɗingishi. A ADC wannan ɗingishi yana fitowa a matsayin siginar ƙarya a wurare sanannu, waɗanda ake iya lissafowa daga saurin ɗiba da mitar da ta shigo. Cip ɗin yana gyara kansa a ɓoye, yana rage su sosai, amma ba ya share su. Aikinka shi ne ka zaɓi saurin ɗiba ta yadda waɗannan ƙayoyi, da ninki na biyu da na uku na siginarka bayan sun naɗo, za su faɗi wajen zangon da kake so. Kamfanonin suna ba da manhajar yin wannan lissafi. Ka yi shi kafin ka sayi filta, ba bayan ka saya ba.

Mu zo kan abin da ya fi shafar aikinka, wato yawan layuka. Gano ɓangaren da sigina ke fitowa ya dogara ne kacokan a kan bambancin lokacin isowar igiya ga eriya ɗaya da ɗaya. A gigahaz 3.5 tsawon igiya santimita 8.6 ne, zagaye ɗaya kuma pikosakan 286 (pikosakan femtosakan dubu ne). Digiri ɗaya na taku, wato matsayin igiya a cikin zagayenta mai digiri 360, bai kai pikosakan ɗaya ba. A kan allo, sigina tana cin pikosakan 6 zuwa 7 kafin ta wuce milimita ɗaya, wato bambancin milimita ɗaya tsakanin layi biyu ya kai wajen digiri 8. A nan cip mai layi huɗu yake da babbar fa'ida: duk ADC ɗin agogo ɗaya suke sha, a kan siliki ɗaya suke, zafi ɗaya suke ji, don haka in sun kauce tare suke kaucewa. Bambancin da ya rage na wayoyi da filtoci tsayayye ne, ka auna shi sau ɗaya ka cire.

Tsayayye ne in ka yi abin da ya kamata. Akwai wata sigina da ake kira SYSREF, wadda ita ce ke ce wa duk masu ƙirga na cikin cip, da na cip ɗin da ke kusa, "ku fara yanzu". Ta zo ne da JESD204B, ƙa'idar tura bayanai tsakanin irin waɗannan cip da FPGA, ta shekarar 2011. Na taɓa shafe kusan mako biyu a kan wani allo da ke ba da sakamako mai kyau yau, gobe in an kunna shi bambancin taku tsakanin cip biyu ya canza. Muka zargi wayoyi, muka zargi zafi. Ashe hanyar bayanan tana daidaita lafiya lau, NCO ɗin ne ba mu umarce su su fara tare da bugun SYSREF ba, kowanne yana tashi daga inda ya ga dama. Layi kaɗan ne na saiti. Tun daga ranar ban ƙara yarda da daidaiton da ban kashe na kunna sau da yawa na gani ba.

Sai kwashe bayanan. Yi lissafin AD9081: ADC huɗu, sau biliyan 4, sau bit 12, ya ba ka gigabit 192 a sakan. Babu kwamfutar teburin da za ta haɗiye wannan. Shi ya sa rage samfuri a cikin cip ba zaɓi ba ne a yawancin ayyuka. Zangon 5G mai megahaz 100, bayan an sauko da shi, samfuri miliyan 122.88 ne a sakan, I da Q kowanne bit 16, kusan gigabit 3.9 ke nan a kowane layi. Wannan ma ba wasa ba ne. Ana tura shi zuwa FPGA ta layukan JESD204, waɗanda a zubin B suke kaiwa gigabit 12.5 kowanne, a zubin C na 2017 kuma har 32. Tayar da wannan hanya shi ne aikin da ya fi cin lokacin sabon shiga. Akwai saituna da yawa da dole su dace a gefe biyu, in ɗaya ya saɓa hanyar ba za ta tashi ba, kuma ba za ta faɗa maka dalili da baki ba. Babban abin da RFSoC ya kawo shi ne ya kashe wannan hanya gaba ɗaya, tunda ADC da FPGA a gida ɗaya suke, bayanan suna shigowa ta AXI, hanyar cikin gida ta cip ɗin, kamar na kowane sashe. Shi ya sa masu binciken kwamfutar kwantum suka rungume shi, har cibiyar binciken Fermilab ta Amurka ta gina QICK, tsarinta na sarrafa irin wannan kwamfuta, a kansa. Abin da ka bayar a madadin haka shi ne 'yancin zaɓe: ADC da FPGA sun zama aure ɗaya, ba ka canza ɗaya ka bar ɗaya.

Gefen aikawa ba zan daɗe a kai ba tunda karɓa za ka yi. DAC mai biliyan 12 yana iya zana siginar gigahaz 3.5 kai tsaye, amma shi ma yana fitar da kwafinta a sama, dole a tace. Abin lura ɗaya: ADC shida na AFE7950, an tsara biyu daga ciki ne domin su saurari abin da amfilifayar ƙarfi ta fitar, a auna yadda ta murɗe siginar, a murɗe ta ta ɗaya gefen tun kafin ta shiga. Wannan sauraro yana buƙatar faɗin zango da ya ninka na siginar sau uku zuwa biyar, kuma yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin sadarwa suka matsa a yi waɗannan cip ɗin.

Kasuwarsu ta farko ke nan, akwatunan da ke saman ƙarfen sabis. Lokacin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya samu megahaz 100, kuma irin wannan zango ana cin moriyarsa ne da akwati mai layin aikawa da karɓa 32 ko 64. Akwati mai 64 yana buƙatar cip 16 masu layi huɗu, ko 8 masu layi takwas irin AFE8092. Amma ga abin da zai amsa rabin tambayarka na biyu: ko a can ɗin, zuriyar saukowa sifili ba ta mutu ba. Analog Devices na sayar da ADRV9026 mai layi huɗu domin wannan aikin dai, kuma hujjarsu wuta ce. Cip mai ɗiba kai tsaye, in duk layukansa suna aiki, yana cin wat goma ko fiye, a fili da bai kai kan babban yatsa biyu ba. AD9361 ɗan kaɗan yake ci a kan haka. Ninka wat goma sau 16, ka rufe a akwatin da babu fanka, ka rataye shi a rana a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu, a turken da janareta ke ciyarwa. Kowane wat dizal ne, kuma zafi ne da dole a san inda za a kai shi. Injiniyan da ya zaɓi tsohon tsari saboda wannan ba ci baya ya yi ba.

Saboda haka shawarata ta rataya ne a kan tambaya ɗaya da ba ka faɗa mini amsarta ba: nawa ne faɗin zangon da kake son gani a lokaci guda? In siginar da kake bi ƙunƙuntacciya ce, ta rediyon hannu ko wata tasha ɗaya, kuma faɗinta bai wuce megahaz 50 ba, ba ka buƙatar ɗiba kai tsaye. Allon FMCOMMS5 yana da AD9361 biyu, layin karɓa huɗu ke nan, an tanadi hanyar daidaita takunsu. In ma koyon lissafin gano ɓangare ne burinka, KrakenSDR mai layi biyar, wanda ke aiki har zuwa wajen gigahaz 1.7, zai kai ka nesa da kuɗi kaɗan. In kuwa kana son ganin ɗaruruwan megahaz a tare, ko sigina mai tsalle daga mita zuwa mita, ko zanguna biyu masu nisa a lokaci guda, to a nan ɗiba kai tsaye ba shi da na biyu, kuma zan ce ka nemi allon RFSoC 4x2 da aka yi domin jami'o'i. Yana da ADC huɗu masu biliyan 5 da DAC biyu, ana sarrafa shi da harshen Python ta manhajar PYNQ, kuma ya raba ka da JESD204.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka ce za ka zana allonka da kanka a wannan aikin. AD9081 yana da ƙwallayen dalma 324 a ƙarƙashinsa cikin milimita 15 sau 15, yana son wutar lantarki iri-iri da dole su tashi bi da bi, da allo mai hawa da yawa na kayan da ba su shan sigina. Ko gwanayen canza IC na waya, da duk iyawarsu, ba dasa shi ne matsalar ba, zanen da ke ƙarƙashinsa ne. Shekarar digirinka za ta ƙare a kan wutar allo ba ka taɓa eriya ba. Ka kuma sani cewa ADC masu irin wannan sauri suna cikin kayan da Amurka da wasu ƙasashe ke sa wa ido wajen fitarwa, domin ana amfani da su a rada. Mai sayarwa zai nemi takardar da ke bayyana wanda zai yi amfani da kayan da abin da zai yi da su. Ka sa sashenku ya yi odar da sunan jami'a, kuma ka fara da wuri.

Ranar da allon ya iso, kada ka ɗaura eriya. Samo janaretar sigina ɗaya, da marabar sigina mai baki huɗu, da wayoyi huɗu masu tsawo ɗaya, ka rage ƙarfin sosai domin bakin ADC ba ya jure duka. Ka ba duk layukan sigina ɗaya, ka rubuta bambancin takun kowanne da na farko. Kashe allon gaba ɗaya, ka kunna, ka sake aunawa, ka yi haka sau ashirin. Bar shi ya yi awa ɗaya ya ɗumama, ka sake. Sannan ka musanya wayoyi biyu, ka ga ko bambancin ya bi waya ko ya tsaya a layi. In lambobin sun tsaya cikin digiri ɗaya ko biyu, fita da eriyarka fili. In suna tsalle, koma kan SYSREF da saitin NCO, ka turo mini abin da ka samu tare da saurin ɗibar da ka zaɓa da zangon da kake nufi, mu duba tare.